Makaman atisaye na katako, gora da roba: wanne ya ci kuɗinsa?

Duk wanda ya leƙa shagunan intanet yana neman makamin koyon faɗa zai tarar da kaya birjik: takobin katako na Japan, gajerun sandunan Filifin, doguwar sandar 'yan wushu (wasan faɗa na Sin), takobin gora na 'yan kendo (wasan takobi na Japan), ga kuma na roba da kamfanoni ke zubawa a injin. A hoto duk suna sheƙi, kuma kowane mai shago cewa yake nasa ba ya karyewa. Ba gaskiya ba ne. Duk makamin da ake bugawa da wani makami zai lalace, ko ba jima ko ba daɗe. Abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya shi ne yadda abin yake lalacewa idan ya gaji: laushi yake yi a hankali har a lura, ko kuwa tsagewa yake farat ɗaya ya wurga tsini a fuskar abokin atisaye? Da wannan ma'auni muka auna kayan da ke ƙasa, sannan da yadda suke jure iskar hunturu, domin an yi su ne a ƙasashe masu laima, mu kuwa muna da watannin da danshin iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari.

Takobin katako na Japan

Ana kiransa bokken ko bokuto, kuma shi ne abin da masu wasannin faɗa na Japan irin su aikido, kenjutsu da jodo ke riƙewa, haka ma masu kata na kendo, wato tsararren jerin motsi da ake maimaitawa. Tsayinsa na ƙa'ida santimita 101.5 ne, nauyinsa kuma yakan kama daga giram 500 zuwa 600 idan na itacen oak ne. Akwai ƙaninsa, gajere mai santimita 54.5. Kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake yi a Japan daga gari ɗaya suke fitowa, Miyakonojo da ke lardin Miyazaki a tsibirin Kyushu, inda 'yan tsirarun gidajen masassaƙa suka rage suna aikin. Manyan shaguna irin su Tozando na Kyoto suna sayar da irin wannan aiki zuwa ƙasashen waje. Idan shago ya rubuta maka garin da aka sassaƙa kayan da sunan itacen, alama ce mai kyau. Idan kuwa abin da aka rubuta kawai shi ne "katako mai ƙarfi", to ka ja da baya.

Itace biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Farin oak na Japan, shirakashi, shi ne zaɓinmu ba tare da wata-wata ba ga duk wanda zai riƙa haɗa takobi da takobi. Jijiyoyinsa a matse suke, idan an doke shi lotsawa yake yi maimakon ya ɓantare, kuma idan ajalinsa ya zo yakan fara nuna tsaga a tsaye kafin ya rabu. Aibinsa ɗaya: yana saurin lanƙwasa idan yanayi ya sauya. Jan oak na Japan, akagashi, ya ɗan fi sauƙi a hannu kuma bai cika lanƙwasa ba, ya isa ga mai sara a iska shi kaɗai ko mai taɓawa sama-sama. Sai dai a nan ne ake cutar mutane. Yawancin takubban araha da ake tallatawa da sunan jan oak ba su haɗa komai da na Japan ba. Katako ne mai manyan ƙofofi, an cike ramukansa da hoda, an rina shi ja, an lulluɓe shi da man sheƙi mai kauri. Man sheƙin nan shi ke ɓoye gaɓa da tsaga. Irin wannan takobi a tsakiya yake karyewa, a karkace, ya bar baki mai tsini, rabin kuma ya tashi sama. Araha ba ta ado, a nan kuwa har ido tana ci.

Akwai kuma masu tsada sosai, na itacen sunuke ko baƙin katako mai nauyi. Suna da kyau a ido, suna da daɗin sara a iska, amma ba na bugu ba ne. Taurinsu ya yi yawa, ba sa lotsawa, sai su cinye takobin abokinka, ranar da suka gaji kuma su tarwatse ba gargaɗi. Kuɗin da za ka kashe a kan ɗaya ya isa ka sayi farin oak biyu ko uku.

Idan kayan suka iso, kada a yi gaggawar kai su fili. A ɗaga takobin a saiti ido daga ƙota zuwa tsini a ga ko bayansa ya miƙe. Lanƙwasar da ke gaba da baya ta asali ce, wadda ke zuwa hagu ko dama ita ce cuta. A duba layukan jijiyar itacen: ana so su bi tsawon takobin tun daga ƙota har baki. Inda layi ya fita ta gefe a tsakiyar hanya, nan ne zai karye. A shafa tafin hannu a jikinsa a hankali a ji ko akwai sartse. Idan yana da man sheƙi, a goge shi da samfefa mai lamba 240, a bi da mai lamba 400, ana bin tsawon itacen, ba a gicciye ba. Dalilin gogewar biyu ne: man sheƙi yana kama tafin hannu mai gumi ya fito da bororo, kuma yana hana ka ganin tsaga tun tana ƙarama. Daga nan sai mai. A Japan man da ake tatsa daga 'ya'yan itacen tsubaki ake shafawa, man linsid ma yana yi. Ɗigo kaɗan a tsumma, a shafe, a bar shi ya kwana, a goge ragowar. A maimaita sau biyu ko uku a farko, sannan sau ɗaya a wata idan hunturu ya kama. Kada a yi amfani da man gyaɗa ko wani man girki, yana yin ɗoyi kuma ya bar danƙo. Tsumman da aka shafa man linsid da shi a shanya shi a buɗe, kada a dunƙule a jefa a kwandon shara, domin yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta da kansa.

Makonnin farko a riƙa taɓawa da sauƙi. Ƙananan lotsawar da suke fitowa a kashi ɗaya cikin uku na gaban takobin suna danne jijiyoyin saman ne, su ƙara masa juriya. Wanda ya ɗauki sabon takobi ya fara da cikakken sara yakan fasa saman tun bai danne ba.

Siffa ma tana da muhimmanci, kuma a nan malaminka ne mai magana ta ƙarshe. Takobin salon Iwama na aikido, wanda aka sani ta hanyar koyarwar Saito Morihiro, ya fi kauri da nauyi, bakinsa a datse yake, ba a sa masa makarin hannu. An yi shi don bugu mai ƙarfi. Na kata a kendo kuwa dole da makarin hannu, domin akwai inda ake tare sara har ya gangaro kusa da yatsu. Tsofaffin makarantun kenjutsu kowace da nata fasali, wani siriri mara nauyi, wani miƙaƙƙe mai kauri. Sayen takobi kafin a san makarantar da za a bi ɓarnar kuɗi ce.

Jo da bo

Jo sanda ce miƙaƙƙiya mai tsayin santimita 128 da kaurin santimita 2.4, ma'aunin makarantar Shinto Muso-ryu da Muso Gonnosuke ya kafa a farkon ƙarni na 17. 'Yan aikido sukan so wadda ta ɗan fi haka kauri. Bo kuwa santimita 182 ce, ta tsibirin Okinawa na Japan kuma takan sirance a bakunan biyu. Duk aikin jo zamewa ne, sandar tana gudu a cikin hannu daga wannan baki zuwa wancan, don haka sartse ɗaya ya isa ya yanka tafin hannu. Gwajinta mai sauƙi ne: a kwantar da ita a kan siminti mai laushi a mirgina. Idan tana tsalle, ta lanƙwasa. Lanƙwasa kaɗan ba ta hana aiki, amma idan yatsa yana shiga ƙarƙashin tsakiyarta, suka ba zai tafi daidai ba.

Abin da ke lanƙwasa sanda kusan kullum ajiya ce. Jingina ta a bango a karkace na 'yan makonni ya isa. A kwantar da ita a shimfiɗe, ko a tsayar da ita cak, nesa da rana, kuma kada ta wuni a cikin mota.

Matsalar bo ga mai saye daga nan ita ce kuɗin aikowa. Hanyoyin gidan waya da yawa ba sa karɓar abin da ya wuce mita ɗaya da rabi, saboda haka bo sai ta kamfanonin jigila masu tsada, har kuɗin hanya ya ninka kuɗin kaya. Ra'ayinmu shi ne a bar sayen bo daga waje. Masassaƙin da ya iya ƙotar fartanya zai iya fitar da ita idan an ba shi ma'auni. Sharaɗin shi ne itacen ya bushe sarai a inuwa, kuma a faskara shi a bi jijiyarsa, kada a yanko shi da zarto daga faifan katako. Marke da aduwa, waɗanda aka saba yin ƙota da su, sun dace a gwada, dargaza ma an daɗe ana yin sanda da ita. Malaina ta yi laushi, ƙirya kuma ta yi nauyi. Sandar tsintsiya ko ta mofa da ake sayarwa a kasuwa ba ta shiga wannan magana ko kaɗan: injin ne ya zagaye ta ba ruwansa da inda jijiya ta nufa, kuma bugu ɗaya mai kyau ke raba ta biyu.

Sandar kwagiri ta Filifin

Idan aka ce mu zaɓi abu ɗaya da ya fi kowanne cin kuɗinsa, wannan ne. Arnis, ko eskrima, ko kali, wasan faɗa ne da dokar Filifin mai lamba 9850 ta ayyana a matsayin na ƙasa a shekarar 2009. Bambancinsa da karate ko taekwondo shi ne tun ranar farko ake miƙa wa ɗalibi sanda, hannu zalla sai daga baya. Manyan makarantunsa sun haɗa da Doce Pares da aka kafa a Cebu a 1932, da Balintawak na Anciong Bacon, da Modern Arnis na Remy Presas. Sandar da aka fi amfani da ita inci 28 ce, wato kimanin santimita 71, kaurinta tsakanin santimita 2 da 2.5.

Kwagiri ba gora ba ne, kuma masu shago da yawa suna haɗa su. Gora rami ne a cikinta, idan ta fashe tana fitar da baki mai kaifi. Kwagiri dangin dabino ne mai hawa bishiya, cikinsa a cike yake da dogayen zaruruwa. Idan ya sha bugu, zaruruwan ne ke saki ɗaya bayan ɗaya, wurin ya yi laushi, ya yi buzu-buzu kamar raken da aka tauna. Ba ya tashi sama, ba ya barin tsini. Yana kuma shanye girgizar bugu, ta yadda mutum zai yi awa guda yana sinawali, wato saƙar sanda biyu da abokinsa, gwiwar hannu ba ta yi tsami ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu sinawali da sauri ya san ƙaurin da ke tashi, zafin gogayyar fatar sandunan ne.

Wajen zaɓe, a nemi mai fatarsa. Wanda aka feƙe ya fi kyau a ido, fari tas, amma fatar nan ita ce sulkensa, kuma wanda ba shi da ita ba ya daɗewa. A ƙirga gaɓoɓi: sanda mai gaɓa huɗu ko biyar a tsawon nan ta fi mai biyu matsewa. A auna biyu a hannu, a ɗauki mai nauyin, muddin kaurinsu ɗaya. A ƙwanƙwasa a ƙasa, mai kyau ƙara take yi a tsaye, wadda ta bushe ta mutu kuwa amonta a dushe yake. A dubi bakin da aka yanka, idan ƙofofin manya ne har ana ganinsu daga nesa, ba ta da ƙarko. Zanen ƙuna da ake yi musu, mai kama da tabon damisa ko mai zagaye, yawancinsa ado ne. Gasawa kaɗan tana fitar da danshi kuma da ita ake miƙar da sanda, amma wadda aka ƙona har ta yi baƙi ta riga ta rasa ƙarfinta.

A sayi bibbiyu, kuma a sayi fiye da abin da ake bukata, domin kaya ne masu ƙarewa. Lalacewa tana farawa a tafi ɗaya daga baki. Da zarar fatar ta fara tashi, a naɗe wurin da tef ɗin masu gyaran wuta zagaye biyu, a juya sandar a riƙe ta ɗaya bakin. Ranar da ka matsa wurin da babban yatsa ya nutsa, ko sandar ta fara lanƙwasa a wurin idan an kaɗa ta, ta gama aiki da mutum, sai dukan taya. Tun da kwagiri yana fitowa a dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Gana, kuma masu saƙa kujeru suna sayensa da yawa, ana iya samun mai kauri a wurinsu a yanka. Ba kowanne ke kai na Filifin matsewa ba, don haka gwajin gaɓa da nauyi da amo ya zama dole.

Shagunan arnis suna kuma tallata sandunan kamagong, baƙin itace ɗan uwan kanyarmu, da na bahi da ake cirowa daga jikin wani nau'in dabino. Nauyinsu ya ninka na kwagiri, suna gina wuyan hannu idan mutum yana juyi shi kaɗai a hankali. Kada a kawo su atisayen mutum biyu. Kamagong yana karya ƙashin yatsa a taɓawar da kwagiri zai bar kumburi kawai, kuma idan biyu suka haɗu da ƙarfi ɓantarewa suke yi. Ga masu son gwabzawa ta gaske, sanda mai soso da hular kariya mai raga da safar hannu su ne farkon abin saye.

Shinai, takobin gora

Wannan shi ne ya fi kowanne neman kulawa, kuma shi ne hunturu ya fi yi wa illa. Ɓangarori huɗu ne na gora aka haɗa. Akwai hular fata a baki, sakigawa, da ɗan toshin roba a cikinta. Akwai ɗaurin fata, nakayui, a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon daga baki. Akwai rigar fata ta ƙota, da igiya ɗaya, tsuru, da ta taso daga baki zuwa ƙota tana riƙe da komai, ita ce kuma ke nuna bayan takobi. A cikin ƙotar akwai ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke hana ɓangarorin zamewa. Ga babban namiji, lamba 39 ake saye: tsayi kada ya wuce santimita 120, nauyi kada ya gaza giram 510 ba tare da makarin hannu ba. Ga mace giram 440 ne. Lamba 38 santimita 117 ce, lamba 37 kuma 114, na 'yan makaranta. Kaurin baki ga maza kada ya gaza milimita 26, kuma wannan doka ba ta ado ba ce: an sa ta ne don kada bakin ya shige tsakanin ƙarafan hular fuska.

Gora iri biyu ake yi da ita. Keichiku, wadda akasari daga Taiwan take, ita ce ta yau da kullum, mai sauƙin kuɗi. Madake ta fi matsewa da tsada. Ga mai koyo, keichiku biyu masu tsayi ɗaya da gaɓoɓi a wuri ɗaya sun fi madake ɗaya amfani, domin idan ɓangare ya fashe a ɗaya sai a ciro daga ɗayan a musanya.

Sabon shinai yana zuwa da jan zare a ɗaure a wurare, na jigila ne, a yanke. Sannan a kwance shi gaba ɗaya, a sa wa ɓangarorin lamba 1 zuwa 4 da fensir a wajen ƙota don kada a rikita su. Gefunansu suna da kaifi, kuma idan suna gogar juna a lokacin bugu nan ne sartse ke farawa, don haka a rage kaifin da samfefa har ya ɗan zagaye. A shafa mai mara nauyi ciki da gefe, ban da inda rigar ƙota za ta rufe, a bar shi kwana biyu zuwa uku, a goge, a mayar. Igiyar ta ɗaure tamau yadda yatsa biyu ba za su shige ƙarƙashinta cikin sauƙi ba. Idan ta saki, hular baki tana iya zarewa a tsakiyar bugu, ɓangarorin gora huɗu su buɗe a gaban idon mutum. An samu munanan raunukan ido a kendo ta wannan hanya da ta fasasshiyar gora, shi ya sa ake duba shinai kafin a fara, a tsakiya, da bayan an gama.

Ƙaramin sartse ana kankare shi da bayan wuƙa ko samfefa, daga wajen ƙota zuwa baki, a shafa mai. Tsaga kuwa, ko ta kai tsawon farce, hukuncinta ɗaya ne: a cire ɓangaren a yar. Ba a naɗe shi da tef, ba a liƙe shi da gam. Tef ɓoye tsagar yake yi tana ci gaba a ƙarƙashi. Saboda ɓangare ɗaya ne ke shan yawancin bugu, wanda ke kallon ƙasa, a riƙa juya rigar ƙota da igiyar lokaci-lokaci don aikin ya zagaya. A lokacin hunturu a ninka shafa mai, a ajiye shi cikin jakarsa. Akwai shinai na kabon, ƙirar kamfanin Hasegawa, wanda bushewar iska ba ta dame shi ba, yana kuma daɗewa ƙwarai, amma tsadarsa ta ninka ta gora sau da yawa kuma dukansa ya fi zafi a jikin abokin wasa. Ga kulob da ke wuri mai bushewa kuma mai wahalar samun kaya, ɗaya ko biyu ba asara ba ne.

Sandar wushu da sauran

Sandar 'yan wushu ta Sin, wadda ake kira gun, daga farin itacen bailagan ake yinta, ɗan itace guda ne da aka sare aka feƙe, gindinsa da kauri bakinsa siriri. Tsayinta ya kai tsayin mai ita ko ya ɗan ɗara. Tana lanƙwasa ta dawo, shi ya sa ake iya maka ta a ƙasa bakinta yana karkarwa. Ba ta da tsada, kuma a aikinta ba ta da na biyu. Abokin gabarta ƙwaro ne mai huda itace. A duba jikinta: ƙananan ramuka masu zubar da gari alama ce cewa cikin ya rube, kuma irin wannan a hannu take karyewa. Kada a haɗa ta da bo na oak, nauyinsu da manufarsu ba ɗaya ba ne.

Makaman kobudo, wasan faɗa da makamai na Okinawa, a ma'auni ake kuskurensu. Makamin da ake kira sai, wani ƙarfe mai ƙaho biyu, idan an riƙe shi a juye ya kwanta a damtse, bakinsa ya wuce gwiwar hannu da santimita 2 zuwa 3, in ba haka ba tarewa a ƙashi za ta sauka. Masu araha zubin ƙarfe ne mai rauni da aka yi wa ruwan sheƙi, kuma a mahaɗar ƙahon suke ɓallewa. Tonfa, sanda mai mariƙi a gefe, ita ma haka ma'auninta yake, a kuma girgiza mariƙinta a ji: idan yana motsi ko kaɗan, gam kawai aka sa ba a kafa shi da turaka ba. Nunchaku, wato gajerun sanduna biyu da aka haɗa bakinsu, mai igiya ya fi mai sarƙa ga mai kata, a riƙa duba igiyar a bakin rami inda take cinyewa. Wasu ƙasashe, irin su Jamus, sun haramta mallakarsa, don haka matafiyi ya bincika kafin ya sa a jaka. Takobin iaito na ƙarfe mara kaifi kuwa, wanda ake yi da gaurayen zinki da alminiyom, ba a buga shi da komai sam, kuma kafin kowane atisaye a duba ɗan turken gora da ke riƙe ruwan takobin a cikin ƙota.

Na roba

Kamfanin Cold Steel na Amurka ya yi suna da takubba da sanduna na roba mai tauri, polifirofilin, kuma su ne masu sabon shiga suka fi tambaya a kai saboda bidiyon da ake nunawa ana dukan bulo da su. Gaskiya ne suna da wuyar karyewa, ruwa da gara da hunturu ba sa yi musu komai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Amma a hannu ba su gamsar da mu ba. Suna tsalle idan sun haɗu da wani makami, maimakon su tsaya a inda suka sauka, kuma duk darasin kenjutsu da jodo a wannan haɗuwar yake, inda kake jin nauyin abokinka ta cikin itace. Suna santsi idan hannu ya yi gumi. Suna lanƙwasa a lokacin suka, ɗalibi ya saba da nisan da ba daidai ba. Bayan an daɗe ana bugu, jikinsu yana fitar da ƙananan ƙaya da ke yagar fata, sai an bi da samfefa. Idan aka jingina su a wuri mai zafi kuma suna ɗaukar lanƙwasa. Rashin karyewar ma yana da nasa haɗari: ƙarfin da itace zai shanye ya lotsa, roba tana mayar da shi ga wuyan hannu ko ga takobin katakon da ta haɗu da shi. Wurin da suka dace shi ne dukan taya ko buhu a waje, da atisayen ƙwace makami inda ake yawan yar da shi a siminti. A haɗa roba da roba, itace da itace irinsa.

Ga mai farawa da ɗan kuɗi kaɗan, shawararmu ita ce sandunan kwagiri huɗu masu fata da naɗin tef ɗaya idan arnis zai yi. Idan hanyar Japan ce, bokken ɗaya na farin oak daga shagon da ya faɗi inda aka sassaƙa shi, jo kuma a haɗa su a aikowa ɗaya tunda ba ta kai mita ɗaya da rabi ba. Ɗan kendo ya sayi shinai biyu iri ɗaya, da igiya da ɗaurin fata na canji, da kwalbar mai. A yi odar a lokacin damina idan da hali, don itacen ya samu watanni yana sabawa da iskar nan a hankali kafin bushewar Disamba da Janairu ta same shi.